Me Geoffrey Hinton Ya Yi da Har Aka Ba Shi Nobel?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a digirin farko na kimiyyar kwamfuta ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum Malam. Ina jin ana ce wa Geoffrey Hinton uban ƙirƙirarriyar basira, har an ba shi kyautar Nobel ta fiziks alhali ba masanin fiziks ba ne. Shi ya ƙirƙiro ChatGPT? Me ya gano takamaimai? Kuma wanda ke son shiga wannan layi na bincike daga nan gida, me zai ɗauka daga rayuwar mutumin?"

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara sallamar mai sauƙin. Hinton bai ƙirƙiro ChatGPT ba. Kamfanin OpenAI ne ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2022, kuma tsarin da aka gina shi a kai, wanda ake kira Transformer, wasu masu bincike takwas na Google ne suka wallafa shi a 2017, babu sunan Hinton a cikinsu. Dangantakarsa da abin irin ta kaka da jika ce. Hanyar da ake koyar da waɗannan na'urori shi da abokan aikinsa suka fito da ita fili, sannan Ilya Sutskever, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI a 2015, a hannunsa ya yi digirin digirgir a Jami'ar Toronto.

In kuwa ka ce in nuna maka dabara guda da yatsa, in ce wannan Hinton ne ya fara gano ta kuma ita ta juya duniya, to zan yi ta inda-inda. Kusan duk kayan aikin da aka san shi da su, ko dai wani ya riga shi, ko tare da wani ya yi, ko kuma ɗalibinsa ne ya kwana yana rubutawa. Abin da yake nasa, wanda babu mai ja da shi a kai, tambaya ce guda da ya riƙe sama da shekara 50: yaya ƙwaƙwalwa take koyo, kuma za a iya sa na'ura ta koya kamar haka? Ya riƙe ta a lokacin da riƙe ta ke iya hana mutum samun aiki, ya kuma tara yara masu kaifin kai suka riƙe tare da shi.

An haife shi a unguwar Wimbledon da ke Landan ranar 6 ga Disamba, 1947, a gidan da boko ya zama gado. Mahaifinsa, Howard Hinton, masanin ƙwari ne. Kakan kakansa kuwa shi ne George Boole, mutumin da kai ma ka sha lissafinsa na "gaskiya ko ƙarya" a aji ɗaya. Abin dariyar shi ne, lissafin Boole ne tubalin ɓangaren da jikan ya shafe rayuwarsa yana jayayya da shi. A Cambridge bai zauna wuri ɗaya ba. Ya taɓa fiziks, ya taɓa ilimin aikin gaɓoɓin jiki, ya leƙa falsafa, daga ƙarshe ya fita da digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a 1970, kuma babu inda ya samu amsar da yake nema. Sai ya ajiye karatu ya kama aikin kafinta na ɗan lokaci. A 1972 ya tafi Jami'ar Edinburgh yin digirin digirgir, ya kammala a 1978.

Don ka gane irin rijiyar da ya faɗa, sai ka san yadda fagen yake a wancan lokaci. Masana sun rabu gida biyu. Gida mai rinjaye ya ce basira tunani ne bisa ƙa'ida, saboda haka a zauna a rubuta wa kwamfuta ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta bi. Ɗaya gidan, mai 'yan tsirarun mutane, ya ce a'a, a gina abin da ya yi kama da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a yi ta nuna masa misalai har ya gano ƙa'idar da kansa. Gwada rubuta ƙa'idar da za ta bambanta akuya da tunkiya a hoto. Za ka ce jelar akuya sama take kallo, ta tunkiya ƙasa. To in dabbar ta fuskanci mai hoto fa? In tana kwance? In rabin jikinta na bayan rumbu? Duk ƙa'idar da ka ƙara sai wani hoto ya karya ta. Amma yaro ɗan shekara huɗu a ƙauye ba ya kuskure, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa ƙa'ida. Gani ya yi ta yi.

Abin da gida na biyu ke ginawa shi nake kira raga in ina koyarwa. Ka ɗauka ƙulle-ƙulle ne aka jera sahu-sahu, zare na haɗa kowane ƙulli da na sahun gabansa, kuma kowane zare yana da lamba da ake ce wa nauyi. Hoto ko sauti yana shiga ta sahun farko a matsayin lambobi, kowane ƙulli ya tara abin da ya iso masa gwargwadon nauyin zaren, ya miƙa gaba, har amsa ta fito a sahun ƙarshe. Duk ilimin ragar yana cikin waɗannan lambobi na nauyi. Koyo kuwa ba komai ba ne illa gyara su.

Frank Rosenblatt ya gina irin wannan a 1958, mai sahu ɗaya da ke koyo, jaridun Amurka suka yi ta zuzutawa. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka nuna da lissafi cewa mai sahu ɗaya akwai abubuwa masu sauƙin gaske da ba za ta taɓa iyawa ba. Misalin da aka fi sani kamar fitilar matakalar bene ce mai makunni biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa: tana kamawa ne in makunnan sun saɓa, tana mutuwa in sun daidaita. Wannan kaɗai ya gagare ta. Kowa ya san ƙara sahu a tsakiya zai warware matsalar, sai dai babu tabbatacciyar hanyar koyar da sahun tsakiyar da jama'ar fagen suka sani. Kuɗin bincike ya janye. Rosenblatt ya rasu a haɗarin kwalekwale a 1971. A Birtaniya kuma rahoton James Lighthill na 1973 ya sa gwamnati ta tsuke bakin aljihu ga fagen baki ɗaya. A cikin wannan fari Hinton ya ce shi raga zai yi. Malamin da ke duba aikinsa, Christopher Longuet-Higgins, ya riga ya bar wannan hanya ya koma ɗaya gidan, kuma Hinton ya sha ba da labarin yadda yake roƙonsa ya ƙara masa wata shida, in sun cika ya sake roƙon wata shida.

Da ya gama, aiki ya yi wuya a gida, sai ya tsallaka Amurka. A San Diego ya haɗu da David Rumelhart da James McClelland, masana halayyar ɗan Adam da ke tunani irin nasa, daga 1982 kuma ya koma koyarwa a Jami'ar Carnegie Mellon. Nan fiziks ya shigo, kuma nan amsar tambayarka ta Nobel take. A 1982 John Hopfield, wanda shi cikakken masanin fiziks ne, ya nuna cewa za a iya kallon raga kamar fili mai tudu da kwari. Duk abin da ragar ta haddace kwari ne. In ka ba ta guntun abu ko gurɓataccensa, kamar ka zuba ruwa ne a gefen tudu, zai gangara ya kwanta a kwarin da ya fi kusa, cikakken abin ya fito. Kamar in ce maka "komai nisan jifa", kai ka ƙarasa. Lissafin da ya yi amfani da shi na yadda ƙwayoyin maganaɗisu ke jan juna ne.

Hinton da Terry Sejnowski, tare da David Ackley, suka ɗora a kai tsakanin 1983 da 1985. Suka ƙara ɓoyayyun ƙulle-ƙulle, suka kuma sa wa ragar ɗan rawar jiki na ganganci don kada ta maƙale a ƙaramin rami ta ɗauka ta iso. Dabarar maƙeri ce: a gasa ƙarfe, a bar shi ya huce sannu a hankali, sai cikinsa ya zauna daidai. Suka raɗa mata sunan Ludwig Boltzmann, masanin fiziks na Ostiriya wanda lissafinsa na zafi da motsin iskar gas suka ara. Wannan na'ura ta Boltzmann ce kwamitin Nobel ya kafa hujja da ita ranar 8 ga Oktoba, 2024, ya raba kyautar tsakanin Hopfield da Hinton. Kyakkyawar dabara ce, amma tana da nawa ƙwarai, kuma ba ita ke aiki a cikin wayarka yau ba. Hinton ma bai ɓoye hakan ba. A ganina kwamitin ya so ya karrama fagen ne, babu kuma Nobel ta kwamfuta, sai ya nemi ƙofar da ta fi kusa da fiziks ya shiga ta nan. Masana fiziks da suka yi gunaguni ba su rasa hujja ba. Kyautar da ta dace da shi tsaf ita ce ta Turing, babbar kyautar fagen kwamfuta, wadda aka ba shi tare da Yoshua Bengio da Yann LeCun ta shekarar 2018.

Aikin da ke cikin wayar taka shi ne na 1986, takardar da Rumelhart da Hinton da Ronald Williams suka wallafa a mujallar Nature. A littattafanku za ka ga an rubuta backpropagation, ni kuwa rabon laifi nake ce masa. Ɗauki shagon tela mai yara uku, mai awo da mai yanka da mai ɗinki. Riga ta fito, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo da inci biyu. Mai shago ba ya korar kowa, ba ya kuma ɗora wa mutum ɗaya. Yana farawa daga ƙarshe. Ya duba nawa ne daga kuskuren ya fito daga hannun mai ɗinki, ya ce ya gyara gwargwadon haka. Ragowar ya koma da shi wurin mai yanka, abin da ya saura ya kai wa mai awo. Kowa ya ɗan gyara kaɗan, ba da yawa ba, a sake ɗinka wata. Bayan riga dubu shagon ya ƙware. Haka ake yi wa raga: a auna tazarar da ke tsakanin amsarta da amsar gaskiya, a bi sahu-sahu daga baya zuwa gaba ana lissafa rabon kowane zare a kuskuren, a ɗan motsa nauyinsa. Lissafin ba wani tsafi ba ne, ƙa'idar sarƙa ce ta kalkulas wadda ka yi jarrabawa a kanta ka manta.

Ba su suka fara gano wannan lissafi ba. Seppo Linnainmaa ɗan Finland ya rubuta shi a 1970, Paul Werbos ya kawo shi a kundin digirinsa na Harvard a 1974, kuma Hinton kansa yakan ce Rumelhart ne ya zo da shi cikin tawagarsu. To me takardar ta ƙara? Wani ɗan gwaji ne da nake ganin ya fi duk abin da ya biyo baya kyau. Sun ɗauki zuri'a biyu, ɗaya ta Ingilishi ɗaya ta Italiyawa, mutum 12 kowacce, masu tsari iri ɗaya. Suna ba ragar suna da dangantaka, ita kuma ta faɗi wane ne: wane, mahaifiyarsa, sai ta ce wance. Ba a gaya mata komai game da mutanen ba, kowane suna lamba ce kawai. Da aka gama koyarwa aka buɗe sahun tsakiya, sai aka tarar wani ƙulli ya ware Ingilishi daga Italiyawa, wani ya ware kakanni da iyaye da jikoki, wani ya ware reshen gida. Ba wanda ya ce mata akwai wani abu wai shi ƙabila ko tsara. Ita ta ƙirƙiro su don ta rage kuskure, har ta iya amsa wasu tambayoyin da aka ɓoye mata. Ma'ana ke nan ta samu daga hasashen kalmar da za ta biyo baya. In ka fahimci wannan gwaji, ka fahimci zuciyar ChatGPT, saura girma ne da dabarun gini.

A 1987 ya bar Amurka ya koma Toronto a Kanada. Cikin dalilansa akwai cewa yawancin kuɗin irin wannan bincike a Amurka daga ma'aikatar tsaro yake fitowa, shi kuwa ba ya so, don ya san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sai fari na biyu ya sauka. A shekarun 1990 raga ta yi ɗan abin kirki, musamman wadda LeCun ya gina a Bell Labs mai karanta lambobin da aka rubuta da hannu a cakin banki, amma in aka ƙara mata sahu sai koyo ya tsaya cak. Wasu hanyoyin, irin wadda Vladimir Vapnik da Corinna Cortes suka wallafa a 1995, sun fi ta sakamako kuma lissafinsu ya fi tsabta. Aka kai lokacin da ambaton raga a takarda kan iya sa masu tantancewa su yi watsi da ita. A wannan tsakani ne matarsa ta rasu da ciwon daji a 1994, ta bar shi da ƙananan yara biyu.

A nan masu ba da labari ke jawo karin maganar mai haƙuri da dafa dutse. Ni tambayar da nake yi ita ce, wa ya sayi itacen? Wata cibiyar bincike ta Kanada mai suna CIFAR ce ta jawo shi ƙasar, kuma a 2004 ta buɗe wani shiri a ƙarƙashin jagorancinsa wanda ya haɗa shi da Bengio da LeCun da wasu 'yan kaɗan. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ba a ce sai sun kawo kayan sayarwa a ƙarshen shekara ba. Ga albashin jami'a da ba ya yankewa, ga ɗalibai da ake biya su zauna su yi bincike. Ba don wannan ba, da haƙurin nasa ya ƙare a shagon kafinta.

A 2006 shi da Simon Osindero da Yee-Whye Teh suka nuna hanyar koyar da raga mai sahu da yawa, sahu ɗaya bayan ɗaya, da wani sauƙaƙƙen nau'i na na'urar Boltzmann, kafin a bi da rabon laifi. Daga nan sunan "koyo mai zurfi" ya bazu, zurfin kuwa yawan sahu ne kawai. Daga baya an gano wannan share fage ba dole ba ne, amma shi ya dawo da hankalin mutane. A 2009 ɗalibansa biyu, Abdel-rahman Mohamed ɗan Masar da George Dahl, suka gwada abin a kan gane magana suka doke hanyoyin da aka yi shekaru ana gogewa. Wani ɗalibin, Navdeep Jaitly, ya kai shi Google, zuwa 2012 ya shiga wayoyin Android.

Sai gasar ImageNet ta 2012, inda gani ya kori ji. Ana ba masu gasa hotuna kimanin miliyan 1.2 da aka kasa gida 1,000, na'urarka ta koya, sannan a gwada ta da waɗanda ba ta taɓa gani ba, a ba ta damar cankar amsa biyar. Alex Krizhevsky da Sutskever da Hinton suka shiga da raga mai sahu takwas da nauyi miliyan 60. Kuskurenta kashi 15.3 cikin 100, na wanda ya zo na biyu kashi 26.2. A gasar da ake murnar rage kashi ɗaya ko biyu a shekara, wannan ba tazara ba ce, rufe babi ne. Cikin shekara biyu kusan kowa ya koma raga.

Amma duba abin da ke cikin tukunyar. Tsarin ragar jikan na LeCun ne, shi ma ya ɗora a kan aikin Kunihiko Fukushima ɗan Japan na 1980. Rabon laifi na 1986 ne. Sabon abu biyu ne, kuma duk ba daga Toronto suka fito ba. Na farko hotunan. Wata masaniyar kwamfuta a Amurka, Fei-Fei Li, ita ta ɗauki shekaru tana tara su, dubun-dubatar mutane a intanet suna sa musu suna ɗaya bayan ɗaya ana biyansu 'yan kwabbai, a lokacin da manyan fagen ke ganin tara hotuna ba bincike ba ne. Na biyu katin GPU na kamfanin Nvidia, wato na'urar sarrafa hoto mai saurin lissafi, wanda aka ƙera don masu wasan kwamfuta. Guda biyu Krizhevsky ya haɗa a ɗakin kwanansa a gidan iyayensa, ragar ta yi kwana biyar zuwa shida tana koyo. Rumelhart bai ga wannan rana ba, ya rasu a 2011.

Cikin 'yan dabarun da suka ƙara akwai wadda nake so saboda asalinta. A kowane zagaye na koyo sai a kashe rabin ƙulle-ƙullen wasu sahu, ba zaɓe, don kada su dogara da juna su haddace hotunan maimakon su fahimta. Hinton ya ce a banki tunanin ya zo masa, da ya lura ana yawan sauya masu karɓar kuɗi a kanta, ya gane ana yi ne don kada su saba har su haɗa baki su cuci bankin. A Disamban 2012 shi da Krizhevsky da Sutskever suka sa ɗan kamfaninsu a gwanjo, kamfanin da ba shi da kaya ko ɗaya sai su kansu. Baidu na Sin da Microsoft da DeepMind duk sun taya, Hinton ya tsayar da cinikin a dala miliyan 44 ya zaɓi Google. Yana da shekara 65 a lokacin, kuma saboda ciwon baya tun 2005 ya daina zama a kujera, a tsaye yake aiki ko a kwance.

Kada ka ɗauka duk abin da ya faɗa daidai ne. A 2016 ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton asibiti, wai cikin shekara biyar na'ura za ta fi su. Shekarun sun wuce, asibitoci na neman likitocin nan ruwa a jallo. Ya yi shekaru yana tallata wata sabuwar raga da ya fitar da Sara Sabour da Nicholas Frosst a 2017, ba ta karɓu ba. Akwai kuma ƙorafin Jürgen Schmidhuber, wani masanin fagen, wanda ya daɗe yana cewa an danne sunayen magabata irin su Alexey Ivakhnenko da Shun-ichi Amari. Mutumin yana da zafin baki, amma in ka bi tarihin za ka ga ba duka maganarsa ce ta banza ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Hinton bai gamsu cewa ƙwaƙwalwa da rabon laifi take koyo ba. A 2022, yana da shekara 75 ba kaɗan, ya sake fitar da wata hanya yana neman wadda ta fi kama da ta jijiyoyi. Tambayar da ya shiga fagen dominta har yau bai amsa ta ba. Abin da ya samu a hanya ne ya ci duniya.

A watan Mayu na 2023 ya ajiye aikin Google don ya yi magana kan haɗarin abin ba tare da tunanin mai biyansa albashi ba. Hujjarsa tana da kyau a fahimce ta kafin a yarda ko a ƙi. Malami in zai zuba abin da ke kansa a kan almajiri, sai ta baki, kalma bayan kalma, shekara da shekaru, kuma ranar da ya rasu abin da bai faɗa ba ya tafi da shi. Raga kuwa ana iya yin kwafinta dubu, kowane kwafi ya karanta wani fanni dabam, su haɗa nauyinsu, abin da ɗaya ya koya duk sun koya. Ga shi ƙwaƙwalwa tana da mahaɗai kimanin tiriliyan 100, manyan ragogin wancan lokaci kuwa wajen tiriliyan ɗaya, amma sun fi kowane mutum tarin sani. Daga nan ya fara zargin cewa hanyar na'ura ta fi tamu, har ya ce akwai yiwuwar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 abin ya hallaka ɗan Adam cikin shekara 30. Bengio na kusa da ra'ayinsa, LeCun ya ce zuzutawa ce. Ni dai ina girmama tsoronsa, amma wannan lamba ba sakamakon gwaji ba ce, ƙiyasin dattijo ne, kuma ka ga yadda ƙiyasinsa na likitoci ya ƙare. Wasu kuma sun tuna masa cewa lokacin da Timnit Gebru, mai bincike kan illolin ƙirƙirarriyar basira, ta rabu da Google a Disamban 2020 kan takardar da ta yi gargaɗi game da manyan ragogin harshe, ba a ji muryarsa ba. Cutarwar da ta fi kusa da mu ma ba sai na'ura ta fi mu wayo ba. Ya isa a ƙirƙiri muryar wani malami ko ɗan siyasa a watsa a WhatsApp daren zaɓe.

Yanzu kai. Kada ka ɗauki taurin kai daga labarin nan ka ce ka samu sirri. Masu taurin kai a kan ra'ayin da bai yi ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, ba ka san sunansu ba ne kawai. Abin da za ka iya ɗauka yau shi ne lissafi: aljabarar jeri, kalkulas da ilimin yiwuwa. Ɗalibai da yawa kan zo mini sun iya kiran laburaren Python, wato shiryayyun kayan aikin da ke yi musu lissafin, amma ba su iya bin kuskure ta sahu biyu da biro ba, kuma irinsu in ragar ta ƙi koyo sai su tsaya suna kallonta. Darussan da Hinton ya koyar a Coursera a 2012 sun tsufa ta wani fannin, amma bayaninsa na tushe har yanzu yana da amfani. Sannan ka nemi jama'a. Taron Deep Learning Indaba da aka fara a Johannesburg a 2017, da ƙungiyar Masakhane mai aiki a kan harsunan Afirka, da HausaNLP, duk ƙofofinsu a buɗe suke ga ɗalibi, kuma daga irin wannan haɗaka aka fitar da tarin bayanai kamar MasakhaNER a 2021 da NaijaSenti a 2022, dukansu da Hausa a ciki.

Kuma ka lura da wane gurbi ne babu kowa. Ba za ka yi gasar GPU da Google ba. Amma kujerar Fei-Fei Li a Hausa har yanzu da sauran wuri. Wani ɗalibina ya taɓa kwashe makonni yana sauya tsarin ragarsa don ta ƙi ba da sakamako, da muka zauna muka buɗe rubutun da yake ciyar da ita, sai muka ga rabinsa an rubuta "ƙasa" rabi "kasa", "ɗaki" da "daki", ga Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram a cakuɗe, ga Turanci tsamo-tsamo a tsakiyar jimla. Ragar ba ta da laifi. Gyaran wannan aiki ne mai gajiyarwa wanda ba a tafa wa mutum a kansa, kuma ba wanda zai yi shi daidai sai mai harshen.

Ga aikin da zan ba ka kafin ka sake rubuto mini. Sake gina gwajin zuri'a na 1986 da hannunka, ba tare da laburaren da ke yi maka rabon laifi ba. Kowace tsohuwar kwamfutar cinya za ta ɗauka. Amma kada ka sa Ingilishi da Italiyawa, sa gida biyu na Hausawa. Dangantaka 12 ce a tasu, kuma kalma ɗaya ta ishe su ga ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba. Kai kana da kawu da baffa, da gwaggo da inna, da wa da ƙane, da ya da ƙanwa, ga 'yan uba ga shaƙiƙai, ga kishiya wadda ba ta cikin lissafinsu sam. In ta gama koyo ka buɗe sahun tsakiya ka duba ko akwai ƙullin da ya ware dangin uwa daga dangin uba, da wanda ya gane waye babba a ɗaki. Ka turo mini hoton abin da ka gani, har da inda ta kasa.